Kamar

Likita ya saurari zuciyata sau biyu,
ya rufe fayil bai ɗago ba.
Shekara ashirin da uku ina bisa gajimare,
yau ga ni a Palladan da alli a hannu
da takalmin da ya fara sanin laka.

Tagar ajin tana kallon filin sauka.
Ƙananan jiragen koyo na shawagin shirwa a kan Kwangila,
ni kuwa abin da aka ce in koyar ba shi da fiffike:
yadda mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa,
ɗaya ya faɗa, ɗaya ya ji.

Sai da na koma ɗalibi tukuna.
Aka ɗauke ni a bidiyo, aka kunna mini kaina.
Ga ni nan da furfurata ina katse mai magana,
ina jefa tambaya, ina cafe ta kafin ta faɗi a hannun kowa.
Na ce a kashe. Aka ce a'a, saura minti tara.

A cikin minti taran nan Tanimu ya dawo mini.
Daren damina, ruwa na dukan gilashi,
yana kujerar dama, wata huɗu da fara aiki.
Ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar mun yi ƙasa."
Na ce, "Kamar?"
Ya haɗiye sauran.
Na'ura ce ta daka mini tsawa, ita da ba ta san babba ba.
Na ja sama, na ga kan itatuwa a hasken fitilarmu
kusa har ina iya ƙirga rassa.
Mutum ɗari da huɗu a baya, rabinsu na barci.
Da muka sauka, shi ya ba ni haƙuri.
Ni kuma na karɓa.

Na san inda muka koyo wannan shirun.
Ina yaro a zauren mahaifina, bayan Ƙofar Doka,
yana ɗinka wa wata babbar riga aska takwas,
na ga allura ta kauce tun ranar farko.
Na sunkuyar da kai, na ci gaba da murza zare.
Kwana uku, ya zauna yana warwarewa.
"Ka gani?" Na ce na gani.
"Me ya hana ka faɗa?" Na ce kunya.
Bai yi faɗa ba. Ai shi ya koya mini.

Ɗinki yana warwaruwa.
Sama ba ta ba da zare na biyu.

Don haka ranar farko na rubuta lamba a allo,
na karkatar da ita da gangan, na juya ina jira.
Su goma sha huɗu, duk sun gani.
Ishaya ya duƙufa gyaran biro.
Wani kyaftin ya dubi fanka.
Na ƙirga arba'in a zuci, gumi na bin bayana,
sai Hansatu, daga layin ƙarshe:
"Malam, lambar nan ba daidai ba ce."
Babu kamar, babu wataƙila.
Muryarta na rawa, amma ta iso.

Na ce ban ce ku zubar da kunya ba.
Ku rataye ta a bakin ƙofar jirgi,
tana nan in kun sauka.
Ku kuma manya, aikinku ya fi wuya:
ku zama mutanen da ake iya gaya wa.

Da magariba, hadari na haɗuwa ta wajen Kufena,
na nemi lambar da na shekara goma ina tsallakewa.
Ta yi ƙara sau biyar. Yanzu shi ma kyaftin ne.
Na yi sallama, ya yi ɗan jim,
ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar na gane muryar nan."

Na ce, Tanimu, cire kamar ɗin.