Ƙidayar Masu Kwana a Bakin Waya

Daren Laraba a Bradford, ruwa na dukan taga,
aka turo mana takarda daga ofishin sama:
a cike, a mayar kafin Juma'a.
Jinsi. Shekaru. Asali. Addini, in an ga dama.
Suna so su san su wa ke ɗaga waya
in wani ya kira daga bakin gada
yana cewa numfashi ya ishe shi.

Na ajiye biro, na ƙirga ɗakin da ido.

Mu tara ne a aikin dare.
Bakwai mata. Ba wanda ya yi mamaki.
Tun a gida mu ake tasa in yaro ya firgita,
ɗaki kawai aka canja mana, aka ƙara da albashi.

Ga Maureen can jikin hita,
sittin da uku, gwiwa ta fara yi mata gardama.
Muryarta kunu ce da ya huce daidai sha.
Baɗi za ta ajiye aiki,
har yau ba a ga mai gadon kujerarta ba.

Shabnam, ashirin da huɗu, tawadar digirinta ba ta bushe ba,
bashin makaranta na biye da ita kamar jela.
Irinsu ba su cika daɗewa ba.
Shekara biyu, uku in an taki sa'a,
sai kuɗin haya ya fi ƙarfin aljihu,
ko wani kira ya bi yarinya har gida ya ƙi fita.
Biyar na gani sun zauna a wannan kujera.
Kofunan shayinsu na nan cikin kabad.

Maza biyu: Delroy, da Tomasz mai ƙarancin magana.
In mai kira ya ce, a ba ni namiji ɗan'uwana,
sai in waiga, duk biyun suna kan layi.
Sai in ce, ni ce dai, sunana Ladidi,
ka yi haƙuri da ni.
Wani ya yi haƙurin.
Wani ya kashe wayar, ya bar ni da ƙarar shiru.

Na zo gidan asali a takarda.
Baƙar fata, 'yar Afirka.
Gida ɗaya ya haɗiye ni da Sibongile ta Bulawayo,
ko sannu ba mu haɗa ba a harshen iyaye.
Ba gidan Hausa.
Amma a shekarata ta bakwai, wajen ƙarfe uku,
wani mai dakon kaya a sito ya ƙare da Turancinsa,
ya ce ƙasa-ƙasa, wayyo, na shiga uku.
Na ce, ba ka shiga ba, ɗan'uwa, daga ina?
Ya ce Maraɗi. Ya fashe da kuka.
Muka kai asuba tare.
A wane gida zan sa wannan?

Takarda ba ta tambayi wa ya mutu maka ba.
Da ta tambaya, da Delroy ya rubuta sunan wansa,
da Maureen ta daɗe tana kallon bango,
da ni na rubuta Sagiru, autanmu, a Gusau,
wanda bai da lambar da zai kira
ranar da duniya ta yi masa ƙunci.

Ba ta kuma tambayi wa ke sauraron mu ba.
Wanzami dai ba ya son jarfa.
Mu kan sha shayi, mu ce lafiya lau,
mu shiga motar farko da idanu jajir.

Na rubuta: mace. Arba'in da takwas.
Biro na kan layi na uku fitila ta kawo ja.
Na ture takardar, shayi ya ɗiga a kan shekaruna.

Ina jin ka, na ce.
Kada ka yi sauri. Faɗa mini inda kake tsaye.