Inda Tsakiya Take

Da sassafe Elguja ya turo ƙofar garejin,
dusar ƙanƙara a kafaɗarsa,
hayaƙin masana'antar ƙarfe ta Rustavi a bayansa.
Ya ce, "Mziya, motar nan ta daina yarda da ni.
Ina miƙe hanya, ita tana taka birki da kanta,
ƙafar baya ta hagu kaɗai,
sai ka ce akuyar da aka ɗaure da guntuwar igiya."

Na leƙa dashbod.
Ga 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota tana santsi,
ta ƙi mutuwa tun Talata,
tun ramin da ya faɗa a hawan Gombori,
inda wani yaro ya canza masa tayarod
da tocila a baki.

Na durƙusa ƙarƙashin sitiyari,
gwiwata kan kwalin da babana ya bari,
na lalubo soket mai rami sha shida,
na cusa wayar na'urar bincike.
Makulli a kunne, inji a kashe.
Allo ya yi hamma, ya farka.

Tayoyi huɗu suna kallon ƙofa sak,
allo kuwa ya ce: digiri sha ɗaya da rabi, hagu.
Ba ƙarya motar take yi ba,
iyakar abin da ta sani ke nan.
An ɗora mata ƙafa,
ba wanda ya koma ya gaya wa kanta.

Na auna iskar taya ɗaya bayan ɗaya.
Daɓen nan ba ya da tudu, ba ya da kwari,
babana ya zuba shi, ya kwana biyu yana zaginsa.
Na ɗora ma'aunin ruwa bisa sitiyari,
ina lallaɓa shi kamar mai tankaɗe a iska,
har 'yar kumfa ta zauna tsakanin layi biyu.

Na danna.
Allo ya ce: an kasa.
Batir ne, sanyi ya cinye masa ƙarfi.
Na ja caja, na maƙala ja, na maƙala baƙi,
muka tsaya jira, hannu a hammata.

Nan ne ya dafa kujerar dama.
"Shekara talatin da huɗu Tsiyala tana nan.
Tun kaka da ta tafi
nake jin motar ta rinjaya gefe guda."
Na duba jerin da ke kan allo,
injin, giya, birki, jakar iska.
Babu wannan a ciki.
Na yi shiru, na goge hannuna da tsumma
alhali ba abin gogewa.

Karo na biyu.
Juya hagu har ƙurewa.
Taya ta yi ƙara a kan siminti.
Juya dama har ƙurewa.
Dawo tsakiya. Saki. Kada a taɓa.

Daƙiƙa goma.
Na ji Elguja ya riƙe numfashi,
ban san lokacin da na riƙe nawa ba.

Sifili.
Ɗigo, wani sifilin.
'Yar fitila ta ƙifta sau ɗaya, ta kwanta barci.

Ya ce, "Shi ke nan? Ba ki kwance ko noti ba."
Na ce, "Ba ta karye ba ai, Kawu.
Mantuwa ta yi.
Sai an kai ta ƙarshen wannan gefe da na wancan
kafin ta gane inda za ta tsaya."

Lari arba'in ya ajiye kan benci,
da burodin cuku mai ɗumi a naɗe cikin jarida.
Ya fita a hankali ta gefen juji,
ya wuce layin motocin gwanjo masu farin rawani,
hannu biyu a sitiyari.
Na tsaya bakin ƙofa ina bin sawun tayarsa,
layi biyu baƙaƙe a kan fari,
har kwanar gidan mai ta haɗiye su.

Da na koma ciki
sai na ga kumfar ma'aunina ta gudu can gefe.
Bencin ne, ƙafarsa ɗaya gajera ce.
Shekara shida ina cewa gobe.