Mabuɗin da Ba Ya Buɗe Rumbu

Bara, ranar kasuwar Maigatari,
wata murya mai zaƙi ta kira,
na karanto mata lambobi shida,
kuɗin riɗina suka bi ruwa.

Haladu ya dawo daga Dutse
da ɗan ƙarfe, bai kai ƙwallon dabino ba.
"Baba, soka a waya, ka taɓa.
Ko ɓarawo ya san kalmarka,
sai ya tako Kanya Babba
ya ciro wannan daga wuyanka."

Na ɗaura shi zare ɗaya da layar uwata.
Na biyun yana ƙasan tukunyar daddawa,
Marka kaɗai ta sani.

Jiya muryar ta sake kira.
Na bar ta tana zuba,
ina ɓarar gyaɗata.