Kibiya a Kan Allo

Ƙarfe biyun dare a Yeongdo.
Ni ke gadin ɗakin kwamfutoci, hawa na uku,
ina zuba wa taliya ruwan zafi, ina goge madannai,
jiragen ruwa na nishi can ƙasa a tasha.

Kujera ta sha bakwai ta Tak Bong-gil ce.
Shekara talatin yana walda a cikin jirgi
har tartsatsi ya cinye masa rabin gani.
A cikin wasa kuwa boka ne mai farar alkyabba,
shekara sha ɗaya yana bin runduna ɗaya,
yana ɗinke raunin mutanen da bai taɓa gani ba.

Ta sha takwas ta Myeong Da-som ce,
ɗalibar lissafi, maharbiyar rundunar,
wadda ta san dajin wasan kamar yunwar cikinta.

Ran nan kamfani ya yi shela:
za a ƙara kibiya mai nuna hanya,
da jan layi bisa kan kowa, mai auna sauran ransa,
da manyan baƙaƙe,
da da'irar da za ta haska ƙasa
kafin dodo ya yi aman wuta.
Mai so ya kunna, wanda ba ya so ya bari.

Da-som ta ture kwanonta.
"Sau arba'in na ɓata a Kwazazzabon Gishiri
kafin na gane bishiyar da ta karkata hagu.
Ɓatan nan ai shi ne wasan.
In kibiya ce za ta ja ni kamar akuya,
ina amfanin idona?
Kuma kada a ruɗe ni da wai zaɓi ne.
Yau zaɓi, gobe sharaɗi.
Shugaban runduna zai ce duk wanda bai kunna ba
ya nemi wasu abokan tafiya."

Tsoho ya cire tabarau,
ya daɗe yana goge shi da gefen riga.
"Makon jiya kin mutu sau uku a gabana.
Kika ce gyangyaɗi nake.
Idona biyu, 'yata.
Ban gan ki ba ne."

Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ke magana.
Na kawo musu kofi da ba su nema ba.

Ranar Alhamis aka saki sabon tsarin.
Bong-gil ya shiga jerin zaɓuɓɓuka
da ɗan yatsa ɗaya, a hankali,
kamar mai taka sabon tsani.
Ya kunna manyan baƙaƙe, ya kunna jan layi.
Da ya iso kan kibiya ya tsaya,
ya yi dariya ta hanci, ya wuce ta.
"Hanya kam na sani. Mutane ne suka ɓace mini."

Ita ma ba ta yi ƙarya ba.
Wata bai cika ba sai ga saƙon shugaba:
ba kibiya, ba da'ira, ba shiga kogon dodo.
Mutum huɗu suka bar rundunar a daren,
ɗayansu tun kafuwarta yake ciki.

Da-som ta zauna.
Ta kunna duk abin da aka ce a kunna,
sannan ta ciro farar takarda mai danƙo daga jaka
ta manna a kusurwar allon, daidai kan kibiyar.

In an tambaye ni wa ke da gaskiya,
ni mai shara ne, ba alƙali ba.
Abin da na gani shi ne:
tun daga ranar ba ta sake mutuwa a gabansa ba,
ita kuma har yanzu tana kwana a bishiyar hagu
tun kafin kowa ya ce a kwana.

Da asuba suna sauka tare,
yana riƙe da ƙarfen matakala, tana ƙirga masa taki.
Ni kuma in ɗauki tsumma
in ɓamɓare takardar daga allo na sha takwas,
don wanda zai zauna da rana
wataƙila yana son kibiyarsa.