Hanyar Komawa Ellery

Saba'in da ɗaya da saba'in.
Na faɗa sau ɗaya, kada a sa ni maimaitawa.

Ni ne direban bas ɗin magoya baya.
Mutum arba'in da uku na kwasa da hantsi,
suna rera waƙa har tagogi suka yi gumi.
Ga su na kwaso su da dare,
ba wanda ya ɓata a lissafi,
amma motar shiru kamar na manta su a can.

Daƙiƙa biyu suka rage
sa'ad da Kellan ya saki ƙwallon.
Ta hau bakin kwando, ta zagaya,
ta sake zagayawa tana shawara,
ta leƙa ciki kamar mai neman wani a ɗaki,
sai ta fasa.

Mil ɗari da casa'in tsakaninmu da gida.
Gonakin masarar Iowa kwance cikin dusar ƙanƙara,
ba ruwansu.

Tsoho Delbert ne a bayana.
Shekara talatin da takwas yana rubuta maki
a littafi mai bangon kore.
Yau ya cika kowane layi,
sai gurbin ƙarshe ya bari fari.
Fensirin na bayan kunnensa har yanzu.

Can wajen mil na arba'in Royce wanzami ya fashe:
"Alƙalin wasan nan, usur ɗinsa ido ɗaya gare shi!"
Wani ya ce koci ne, ya ƙi canjin 'yan wasa.
Wani ya ce ai tun zagayen farko aka zubar.
Da na sani ƙeya ce,
kuma duk ƙeyoyin ina ganinsu a madubi
suna juyawa wajen kujerar ƙarshe,
inda uwar Kellan ta jingina kai da gilashi,
rigar ɗanta mai lamba goma sha huɗu
naɗe a cinyarta.
Nan maganar ta mutu.

Kwalejinmu ɗalibai ɗari tara ne kacal.
Waɗancan, masu busa da kiɗansu kaɗai
sun fi rabin garinmu.
Wannan ba hujja ba ce, na sani.
Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

A gidan mai na tsaya.
Kowa ya sauka yana jan ƙafa.
Marlys ta dawo riƙe da abin sha mai tururi,
ta ɗaga shi sama ta ce,
"To, ga kofin, na takarda ne dai."
Dariyar ta fito da ƙyar,
kamar injin tarakta da sanyin safiya,
amma ta kama.

Jikan Royce, fentin shuɗi na fuskarsa
duk hawaye sun yi masa hanyoyi,
ya tambaye ni ko ƙwallo tana jin tsoro.
Na ce ban sani ba, ni tuƙi na iya.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shigo gari.
Fitilun titi uku, duka suna ƙifta ido.
Allon gaban shagon Marlys yana nan
yadda ta bar shi: A KAWO MANA SHI GIDA.
Ba wanda ya ce a goge.

Ban rufe ƙofa ba tukuna
na ga ba mai niyyar tafiya.
Sun jeru a bakin ɗakin wasa cikin sanyi,
hannu a aljihu, numfashi yana hayaƙi,
suna jiran motar yaran.
Royce ne a gaba, shi da bakin nan nasa.

Delbert ya zaro fensirin,
ya dangana littafin a jikin motata,
ya rubuta saba'in,
ya busa a kai kamar tawada ce,
sannan ya buɗe sabon shafi
ya tambaye ni ranar da Nuwamba za ta kama.