Sunayen da Na Goge

Kowace Litinin, kafin ƙararrawar coci ta buga shida,
ni ke tsayawa gaban farin allo a ɗaki na huɗu,
asibitin lardi, Catbalogan, bakin teku,
ina rubuta wa zai kwana, wa zai wuni.
Babban yatsana ya yi baƙi,
ba don rubutu ba, don gogewa.

Na goge Perpetua a watan Maris, tana Riyad.
Na goge Isagani, mai samun jijiya
ko a hannun jaririn da zawo ya tsotse.
Yana Leeds, ya aiko hoto cikin rigar sanyi
da murmushin da bai kai ido ba.
Dalisay ko sallama ba ta yi ba.
Ta bar kofinta kan taga, gahawa ta bushe a ciki,
ta kama aikin amsa waya a Cebu,
inda, in ji ta, ba mai cikawa a hannunka.

Ban ga laifinsu ba.
Gado arba'in da biyu, mu biyu da dare.
Albashi kuwa ɗiban ruwa ne da kwando,
kafin a kai gida ya tsiyaye
a haya, a makaranta, a maganin hawan jinin tsohuwata.
Daren da guguwa ta yaye rufin kwano
mun riƙe ledar ƙarin ruwa da hannu har gari ya waye,
waya a baki ita ce fitila.
Bayan wata uku aka aiko takardar yabo
mai ruwan zinariya a gefe.
An yi kuskure a sunana.
Na jiƙa ta ne in sha, ko in dafa ta da shinkafa?

Shugaban asibiti ya raba takardar tambayoyi:
"Kin gamsu da aikinki? Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar."
Na daɗe ina kallonta.
Wace lamba zan ba daren da tsoho Eleuterio,
masuncin da huhunsa ya sha ruwa kamar kwalekwalensa,
ya kama bakin rigata, ya ce kada in kashe fitila?
Wace lamba ce ta ƙafafuna da ƙarfe huɗu na asuba?
Wace ce ta safiyar da ya nemi kunun shinkafa,
ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ba gishiri,
ɗaki duka ya kwashe da dariya?
Na zagaye uku.
Uku ba ta tona asirin kowa.

Ni ma akwai ambulan a ƙasan akwatina,
shekara biyu ke nan.
Na ci jarrabawar, fasfo na nan da ransa.
In dare ya tsala nakan ɗauko in auna a tafin hannu.
Takarda ce, amma ta fi jariri nauyi.
'Yata ta ce, "Mama, ke kaɗai ce ba ki gajiya?"
Ina gajiya, yarinya.
Gajiya ta san hanyar gidanmu, har kare ya daina yi mata haushi.
Sai dai in na tafi, wa zai san
tukunyar iskar gado na tara sai an buge ta sau biyu take numfashi?

Jiya aka turo sabuwa, Amihan, 'yar shekara ashirin da biyu,
karin guga bai bar rigarta ba.
Na nuna mata inda muke ɓoye safar hannu,
da yadda ake juya ƙato ba tare da an karya ƙugu ba.
Da hutun rana na hango ta a lungu
tana haddar kalmomin Jamusanci
a bayan takardar magani.
Na yi kamar ban gani ba.
Na tura mata rabin busasshen kifina.

Yau na rubuta sunanta a allo,
a gurbin Dalisay, inda tabon tsohon suna bai gama fita ba.
Ban danna alƙalamin sosai ba.