Bangon Shagon Ɗan'azumi

A Tudun Wada, bangon shagon Ɗan'azumi tela
ya yi kauri da fuskoki,
wata kan wata, kamar ɓawon albasa.

Damina ta ɗaye ta sama,
sai ga wanda ya nemi shugabancin ƙasa ya sha ƙasa,
haƙora farare tas,
har yau yana alƙawarin ruwan famfo.

“Wannan na raka shi har Ƙofar Doka,
can silifas ɗina ya tsinke.”
Ya ciji zare. Sunan ya ƙi zuwa.
Maƙwabci ma ya ce yana bakinsa.

Da yamma mai ƙosai ta yage rabin fuskar,
ta naɗe min na ɗari biyu.
Mai ya ratsa idon.
Na cinye, na ninke takardar,
na kasa yarwa.